Sunan Yanka da Sunan Gida: Tarihin Raɗin Suna a Ƙasar Hausa

Duk wanda ya buɗe littafin Tarihin Kano, ya bi jerin sarakunan birnin tun daga Bagauda, wanda masana suka ƙiyasta hawansa a shekarar 999, zai ga yadda sunaye suke sauyawa sannu a hankali, har mai lura ya iya gane zamanin da Musulunci ya shiga fada ko da ba a faɗa masa ba. A farkon jerin sai Warisi da Gijimasu da Naguji da Shekarau da Tsamiya, sunaye na Hausa tsantsa. Amma daga zamanin Yaji, wanda ya yi sarauta daga 1349 zuwa 1385, wanda kuma a lokacinsa ne Wangarawa suka iso daga Mali da malamansu da littattafansu, sai sunayen annabawa da sahabbai suka yawaita, aka sami Umaru da Dauda da Abdullahi Burja da Yakubu, har zuwa Muhammadu Rumfa, wanda ya karɓi baƙuncin Shehu Magili a ƙarshen ƙarni na 15. Sabon suna bai kori tsoho ba. An haɗa su ne mutum guda ya ɗauka, kamar yadda ake gani ga Muhammadu Kisoke na Kano da Muhammadu Korau na Katsina, kuma a kan wannan haɗi al'adarmu ta zauna shekaru aru-aru.

Sunan yanka na shari'a ne, kuma malamanmu na mazhabar Malikiyya sun ɗauko hukuncinsa daga littattafan fiƙihu irin su Risala ta Ibn Abi Zaidin Alƙairawani, inda aka bayyana cewa ana yanka dabbar aƙiƙa ran bakwai, ba a lissafa ranar haihuwa a ciki, ana kuma aske gashin jariri a yi sadaka da kwatankwacin nauyinsa na zinariya ko azurfa. Saboda haka da sassafe dangi da maƙwabta sukan taru a ƙofar gida, a raba goro, uba ya raɗa wa liman sunan da ya yi wa ɗansa huɗuba da shi, a yanka rago, a yi addu'a, sanƙira ya ɗaga murya ya shelanta, sa'an nan wanzami ya shiga da zabirarsa.

Sunan gida kuwa, mafi yawa mata ne da kakanni suke sa shi, kuma a zamanin da babu takardar haihuwa shi ne rajistar jama'a, domin yana ɗauke da labarin ranar da mutum ya zo duniya da halin da ya tarar da gidansu. Idan an ce Ɗanladi ko Ladi, Talatu ko Balarabe, Lami ko Jummai ko Asabe, an faɗi ranar haihuwa ke nan. Idan an ce Anaruwa ko Marka ko Nomau, an faɗi lokacin shekara. Azumi da Sallau kuma sun nuna watan ibada da ranar idi. Tanko namiji ne da ya biyo bayan mata, Kande ko Delu mace ce da ta biyo bayan maza, Gambo shi ne mai bin tagwaye, Cindo mai yatsa shida, Audi wanda mahaifinsa ya rasu yana ciki. Mafi ban tausayi su ne sunayen 'ya'yan wabi, irin su Ajuji da Ayashe, waɗanda uwa da ta sha binne 'ya'ya take yarda a kira ɗanta da su, tana nuna kamar ba ta damu da shi ba, alhali zuciyarta tana rawa, ko mutuwa ta kau da kai ta bar mata wannan.

Alkunya ma ta haifar da nata sunaye, domin uwa ba ta kama sunan ɗan fari, matar ɗa kuma ba ta kama sunan surukanta, don haka idan aka mayar wa yaro sunan kakansa sai a sakaya da Abba ko Baba, yarinya kuma da Uwani ko Ummi. Kusan kowane sunan yanka ya sami abokin tafiyarsa: Abubakar ya zama Garba, Umaru Sanda, Usmanu Shehu, Yusufu Maitama, A'ishatu Indo, Hauwa'u Kulu, Zainabu Abu, Faɗimatu Binta.

Jihadin da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya fara a 1804 ya ƙara wa sunan yanka daraja, gidan Shehu kuwa ya zama abin koyi, inda ake samun Muhammadu Bello da Abubakar Atiku da Muhammadu Buhari da Ahmadu Rufa'i, sunayen da suke nuni ga sahabbai da malaman hadisi da waliyyai. 'Yar Shehu, Nana Asma'u, wadda aka haifa a 1793, 'yan biyu ce da ɗan'uwanta Hassan, amma mahaifinta bai bi abin da aka saba ba na Hassana ko Husaina, ya zaɓa mata sunan 'yar Sayyidina Abubakar. Fulani sun kawo Dikko da Sambo, na ɗan fari da mai bi masa. Ɗariƙar Ƙadiriyya ta yaɗa Abdulƙadir da Jilani. Tijjaniyya kuma, musamman bayan haɗuwar Sarkin Kano Abdullahi Bayero da Shehu Ibrahim Inyas na Kaulaha a Makka a 1937, ta yaɗa Tijjani da Inyas da Barhama.

Da Nasara suka ci ƙasa, makarantar boko ta zo da wata buƙata da ba a sani ba a da, watau suna na biyu da za a rubuta a rajista, sai aka riƙa liƙa wa ɗalibi sunan garinsu. Ta haka aka sami Abubakar Tafawa Balewa da Sa'adu Zungur da Aminu Kano da Isa Kaita da Shehu Shagari. Sardauna kansa da Ahmadu Raba aka san shi a Kwalejin Katsina, Abubakar Imam kuma da Abubakar Kagara. A Nijar, rubutun Faransawa ne ya bar tambarinsa a kan Mahamadou da Issoufou da Ousmane. Kiristocin Hausawa su ma, musamman bayan fitowar Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, sun ɗauki Yohanna da Bulus da Rahila, ba tare da sun yar da Ɗanladi da Asabe ba.

A ƙarshen ƙarni na 20 lamarin ya sake juyawa. Yawaitar makarantun Islamiyya, da sauƙin zuwa aikin hajji a jirgin sama, da wa'azin ƙungiyar Izala da aka kafa a Jos a 1978, duk sun sa mutane suka koma furta suna kamar yadda yake a Larabci, Mamman ya koma Muhammad, Dije ta koma Khadija, aka kuma tono sunayen sahabbai da ba a saba da su ba, irin su Huzaifa da Mus'ab da Sumayya. Siyasar duniya ta shigo, aka sami masu suna Saddam a lokacin yaƙin 1991, da masu suna Usama bayan 2001. Yau kuwa talabijin da wayar hannu ne suke kawo Hanan da Afnan da Amira, wani lokaci uba bai tambayi ma'ana ba, daɗin furuci kawai ya bi.

Babu laifi ga sabon suna matuƙar ma'anarsa kyakkyawa ce, gama kyautata suna haƙƙi ne na ɗa a kan mahaifinsa, kuma ya tabbata Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sauya wa wasu sahabbai sunaye marasa kyau. Asarar da muke yi ita ce ta sunan gida, wanda wasu suke jin kunyarsa suna ce masa na ƙauye, alhali magabatanmu, har da sarakuna da malamai, sun riƙe shi tare da sunan yanka ba su ga saɓani a tsakani ba. Ya kamata uba ya je wurin malami ya tambayi ma'anar abin da zai raɗa wa ɗansa tun kafin ran suna, a kuma bar wa kaka haƙƙinta na ta kira jikanta Tanko ko Jummai, domin yaro ya tashi da sunan da ya haɗa shi da addininsa da kuma wanda ya haɗa shi da gidansu. Allah ya raya mana zuriya bisa tafarki madaidaici.