Kamfanin Mulmula Ƙarafa na Katsina da Makomar Ma'aikatansa

Manya daga cikinmu ba su manta da shekarar 1982 ba, lokacin da gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta buɗe Kamfanin Mulmula Ƙarafa na Katsina. A wancan zamani muna cikin tsohuwar Jihar Kaduna. Kamfanin Kobe Steel na ƙasar Japan ne ya gina shi, aka tsara zai riƙa fitar da tan 210,000 na rodi da waya kowace shekara, kamar takwarorinsa na Jos da Oshogbo. Ga matashin ƙasar Ruma ko Safana da ya gama makarantar koyon sana'a, wannan aiki ne a ƙofar gida, ba sai ya tafi Kaduna ko Ikko ba.

Sai dai tun ran gini tun ran zane. Sandunan ɗanyen ƙarfen da yake mulmulawa daga Aladja, kusa da Warri, ake ɗauko su a tirela, tafiyar da ta haura kilomita 1,000, domin layin dogo bai iso birnin Katsina ba. Da Aladja ta durƙushe, sai injinan Katsina suka yi tsit.

Gwamnatin Obasanjo ta zaɓi ta rushe kamfanin ta sayar da kadarorinsa, ya koma hannun rukunin Dana a 2006. A nan gizo yake saƙar. Idan aka bi wannan hanya, mai saye injina da filaye ya saya. Ma'aikaci kuwa sallamarsa ake yi, ya koma jiran haƙƙinsa daga gwamnati.

A wannan shekara ta 2006 ne Mittal ya haɗe da Arcelor a Turai. Da sabon kamfanin ya tashi kashe tanderunsa na Florange a Faransa a 2012, ƙungiyoyin ƙwadago suka ƙi yarda, har gwamnati ta tilasta masa alkawarin ba zai kori ma'aikata 629 da abin ya shafa ba, kuma zai zuba Yuro miliyan 180 a masana'antar. An kashe tanderun, amma ba a watsar da mutane a titi ba.

Mu kuwa, ƙanen Mittal ɗin, Pramod, aka danƙa wa Ajakuta da Aladja. Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya soke yarjejeniyar Ajakuta a 2008, aka shiga shari'a. A 2022 Gwamnatin Tarayya ta amince ta biya kamfanin nasa dala miliyan 496 don a kashe maganar.