Asalin Zanen Bangon Littattafan Jarumai a Amurka

Asalin zanen bango shi ne kwalin da mai zane ya yi aiki a kansa da hannu, kafin a kai shi maɗaba'a ya zama bangon littafin labari mai hotuna, irin na Superman, Batman ko Spider-Man. Littafin ana buga shi dubun-dubata, kwalin kuwa ɗaya ne tak a duniya, shi ya sa masu tara kayan zane suke fifita shi a kan littafin.

Da farko babu mai ganin darajarsa. Daga 1938, lokacin da Superman na Jerry Siegel da Joe Shuster ya fara fitowa a Action Comics, har zuwa shekarun 1960, kamfanoni tarkacen aiki suka ɗauke shi. Da an ɗauki hotonsa don bugawa, amfaninsa ya ƙare. Wani a jibge a ɗakin ajiya, wani a kyautar ga yaran da suka zo ziyara, wani a yayyanka a zubar. Mai zane an biya shi kuɗin shafinsa, ba shi da ta cewa. Asara ce mai ciwo, domin yawancin bangwayen wancan zamani sun tafi ke nan.

Mai zane Neal Adams yana cikin waɗanda suka tsaya kai da fata a kan a riƙa mayar wa masu zane aikinsu, kuma a shekarun 1970 kamfanonin DC da Marvel suka fara yin haka. Tsofaffin ayyuka kuwa sai da aka kai ruwa rana. Jack Kirby, wanda ya ƙirƙiri Fantastic Four da X-Men tare da Stan Lee, ya shafe shekaru yana jayayya da Marvel, kuma a 1987 aka ba shi kimanin shafi 1,900, kaso kaɗan daga abin da ya zana musu.

Yawancin bangwayen jarumai da fensir da baƙar tawada aka saba yin su, launi kuma daga baya ake ƙarawa, don haka asalinsu fari da baƙi ne. Na fenti daban yake: launin yana jikin kwalin, daga burushin mai zane ya fito. A shekarun 1960 George Wilson ya yi wa kamfanin Gold Key irinsa a bangon Doctor Solar. Earl Norem da Bob Larkin suka yi wa mujallun Marvel a shekarun 1970, sannan Bill Sienkiewicz ya zo da fenti mai zafin rai a bangwayen New Mutants daga 1984.

Wanda ya kai salon ƙololuwa shi ne Alex Ross, da littattafan Marvels a 1994 da Kingdom Come a 1996. Yakan sa mutane su sanya kayan jarumai, ya haska musu fitila, ya ɗauke su hoto, sannan ya zana da guwash, wani fentin ruwa mai kauri. Sai ya fara shimfiɗa haske da inuwa da baƙi da toka-toka kafin ya ɗora launi. Mahaifinsa ma shi ne ya zama fuskar limamin cocin da ke ba da labari a Kingdom Come. A hannun Ross, Superman ya fito mutum mai nauyin jiki da furfura a gefen kai, rigarsa tana tattarewa a hammata kamar ta kowa.

Abin da mai tarawa yake nema a kwalin shi ne abin da injin bugu ya haɗiye. Kwalin ya fi littafin girma. Idan aka karkata shi ga haske za a ga sawun burushi, da inda fenti ya yi tudu, da layin fensir da ya leƙo ta ƙasan launi, da farin fentin da aka rufe kuskure da shi. A gefe akan samu rubutun edita ga ma'aikatan maɗaba'a da tabon gam. Ja da shuɗin nan da suka dushe a takarda mai araha, a nan suna nan da ƙarfinsu. Wanda ya taɓa ganin asali ido da ido zai gane cewa bugun inuwarsa ce kawai.

Kasuwar ta buɗe sosai bayan kamfanin Sotheby's ya yi gwanjon irin waɗannan kaya a 1991, daga baya Heritage Auctions ta birnin Dallas ta karɓi ragama. A 2019 ta sayar da Egyptian Queen na Frank Frazetta, bangon mujallar Eerie ta 1969, a kan dala miliyan 5.4. A 2022 bangon fitowar farko ta The Dark Knight Returns, aikin Frank Miller da Lynn Varley na 1986, inda Batman yake tsalle a gaban walƙiya, ya kai dala miliyan 2.4.

Yau da yawa daga masu zane a kwamfuta suke aiki tun daga farko har ƙarshe, don haka bangwaye masu yawa suna fitowa ba tare da wani kwali da za a riƙe a hannu ba. Ross dai har yanzu da burushi yake yin nasa.