Rediyo, Masaƙa da Sauyin Cimar Ma'aikata a Nasarawa ta Kaduna

Sau da yawa akan ɗora wa kafofin watsa labarai alhakin sauyin cimar mutanen birni, kamar dai talla kaɗai ce ta raba magidanci da koko da ƙosai. Tarihin unguwar Nasarawa, wadda ke kudancin Kogin Kaduna daura da Kakuri, ya nuna cewa lamarin ya fi haka sarƙaƙiya.

Masaƙu ne suka raya wannan unguwa. An buɗe masaƙar KTL a Kakuri cikin 1957, sa'an nan UNTL da Arewa Textiles suka biyo baya a shekarun 1960. Dubban ma'aikata suka kwararo daga ƙauyukan Arewa, Hausawa da Bajju da Atyap da Tibi da sauransu, galibinsu samari marasa iyali. A wannan tsakani ne, watau 1962, Gwamnatin Jihar Arewa ta kafa gidan rediyo da talabijin na Kaduna, wanda yake karɓar tallace-tallace. Ke nan albashin wata da akwatin rediyo kusan tare suka shigo ɗakin lebura.

Abin lura shi ne irin abincin da ake tallatawa: madarar gwangwani, da Bournvita, da lemun kwalba, da ɗunƙulen Maggi. Daddawa da kuka da zogale ba su da kamfanin da zai saya musu fili a rediyo. Da haka sunan "magi" ya zauna daram a bakin matan gida, har ya zama sunan kowane ɗunƙulen ɗanɗano ko wane ne ya yi shi, daddawa kuwa aka fara yi mata kallon kayan ƙauye.

Amma talla ta iske ƙasa a jiƙe ne. Mutumin da ke aikin karɓa-karɓa, ya tashi daga aikin dare da asuba, ba shi da mai tuƙa masa tuwo. Teburin mai shayi ne a buɗe a bakin ƙofar masaƙa. Kuɗin Udoji da aka biya a 1975 ya ƙara wa burodi kasuwa, har ya kai a farkon shekarun 1980 Nijeriya tana shigo da alkama fiye da tan miliyan 1 a shekara, akasari daga Amurka. Wannan ne Gunilla Andrae da Björn Beckman suka kira tarkon alkama a littafinsu na 1985. Da gwamnatin Babangida ta hana shigo da alkama a 1987, burodi ya yi tsada, ya kuma ƙanƙance, mutane da yawa suka koma ga masara da rogo ba tare da wani ya yi musu wa'azin lafiya ba.

Faɗakarwar lafiya ita ma tana da nata tarihin. An daɗe ana jan kunne a rediyo game da gishiri da sukari da hawan jini, sai dai shela ba ta sauya abin da aljihu zai iya saye. Inda aka ga nasara a fili shi ne yaƙi da maƙoƙo, domin a 1993 doka ta wajabta sanya sinadarin aidin a gishiri tun daga masana'anta, rediyo kuwa ya bi baya da bayani.

KTL ta rufe a 2002, UNTL ta tsaya a 2007. Albashin ya tafi, amma teburin mai shayi bai tashi ba, sai ma ya ƙara da taliyar Indomie da ƙwai.