Daga Jakar Magori Zuwa Kejin Ɓeraye

Tun kafin a gina asibiti a Dutsin-Ma ko Kurfi, wanda baƙin ciki ya hana shi barci ya san inda zai nufa. Ko dai wurin malam a yi masa rubutun sha, ko wurin boka, ko kuma ya jira ranar kasuwa magori ya shimfiɗa saiwoyi da sassaƙe yana wasa kansa da kansa.

Likitan Turawan mulki J. M. Dalziel ya tattara sunayen irin waɗannan tsirrai a littafinsa na 1916. Cikinsu akwai idon zakara, mai 'ya'ya ja da baƙi. Ganyensa da saiwarsa suna da zaƙi, har a Indiya aka riƙa amfani da shi a madadin wata saiwa mai zaƙi da ake kira irƙus-sus. 'Ya'yan kuwa guba ne mai kisa idan aka tauna.

Shi irƙus-sus ɗin ba ɗan ƙasar Katsina ba ne. Tsiron Gabas ta Tsakiya da kudancin Turai ne, kuma duk ɗalibin da ya yi azumi a Alƙahira ya ga masu tallan jiƙonsa dab da buɗe-baki. Ibn Sina ya ambace shi cikin magungunan ƙirji da maƙogwaro. Zancen cewa yana maganin damuwa kuwa sabon abu ne.

A 2006 ne Dhingra da Sharma, masu bincike a Indiya, suka ba ɓeraye jiƙon saiwar irƙus-sus har kwana bakwai, sannan suka jefa su cikin ruwa, gwajin da Porsolt ya ƙirƙiro a Faransa a 1977. Ana auna tsawon lokacin da ɓera zai daina fafutuka ya yi lamo. Waɗanda suka sha miligiram 150 kan kowane kilo na nauyinsu sun fi daɗewa suna iyo, kusan kamar waɗanda aka ba maganin asibiti irin su imipramine da fluoxetine.

To amma ɓeran da ya yi lamo cikin ruwa daban, uwar da 'yan bindiga suka raba da ƙauyenta daban. Ga shi yawan shan saiwar yana tayar da hawan jini, yana rage sinadarin fotasiyam a jiki. Tun 2011 akwai jami'ar tarayya a Dutsin-Ma, kuma aikin da ya fi dacewa da ɗalibanta shi ne su kai saiwoyin da magori yake shimfiɗawa a kasuwar garin ɗakin gwaji, ɗaya bayan ɗaya.