Kujerar Saƙa da Kabar Gulbi

A gidaje da yawa na Dakoro akwai wata kujera da aka jingine a bayan ɗaki. Ƙafafunta lafiya lau, wurin zaman ne ya ɓarke. Gyaranta ba wuya. Amma abin da ake saƙa ta da shi yana da tarihi.

A da, kakanninmu ba su san kujera mai jingina ba. Maza suna zama bisa tabarma ko buzu. Mata suna da ƴar kujerar da masassaƙi ya fafe daga itace guda. Saƙa kuwa sai a tabarma da faifai da gado. Wanda ya iya ɗaure gado da igiyar kaba ko da tsirkiyar fata, shi ne daga baya ya zama mai gyaran kujera.

Kujera mai jingina ta yaɗu ne a zamanin Turawa. Faransawa sun kafa bariki a Dakoro a 1947, aka soma ganin tebur da kujera a ofis da makaranta. Su ma Turawan aro suka yi. Wani kara mai tsawo da ake kira rotin, daga ƙasashen Asiya jiragen ruwa suke kai musu shi. A Ingila an fara yayin kujerar saƙa wajen 1660. Mu nan ba mu da rotin. Muna da kaba, kuma ta ishe mu.

Ga yadda ake yi. A yanke tsohuwar saƙa duka, kada a bar ko ƙulli ɗaya. A jiƙa kaba ta yi laushi, a tufka igiya. A ja ta daga gaba zuwa baya, layi kusa da layi, da ƙarfi. Sannan a bi ta gicciye, sama da ƙasa, kamar saƙar tabarma. Busasshiyar kaba karyewa take yi a hannu. Fata kuma da danshinta ake ɗaura ta, in ta bushe sai ta ƙara tsukewa.

To, daga ina kabar take fitowa? Kaba ganyen ƙaramar goriba ce. Kwarin da ya ratsa ƙasar Tasawa da Mayahi, ya biyo ta kudancin ƙasarmu, sunanta ya ɗauka: Gulbin Kaba. Wurin ya cika da goriba a da. Fari ya zo a 1973, ya sake zuwa a 1984. Gero ya ƙi, dabbobi suka mutu. Mutane suka faɗa wa kaba, domin ita ce abin da za a yanka yau a sayar gobe a sayi tiyar hatsi. Ba mai ganin laifinsu, yunwa ce. Amma ga abin da ya faru. Kabar da ake yanka kullum ba ta tashi. Tana nan a ƙasa kamar ciyawa, ba ta yin gangar jiki, ba ta yin ƴaƴa. Manyan goriba kuma aka sare su don azara. Tsofaffi suna faɗuwa, ƙanana ba su maye gurbinsu.

Sai ga kujerar ƙarfe ta masu walda, wadda ake saƙawa da zaren roba mai launi. Bayanta ta roba zalla ta shigo. Zaren roba yana da kyaun gani, amma ranarmu tana cin sa, ya yi fari ya tsintsinke. Shi dai ana sake saƙa shi. Ta roba zalla in ta karye, shi ke nan. Kuɗinta ya tafi wata ƙasa, na igiyar kaba kuwa yana shiga hannun matar da ta tufka ta a ƙauye.

Dokar daji ta 1974 ta sa goriba cikin itatuwan da ba a sarewa sai da izini. Doka kaɗai ba ta tsayar da wuƙa ba. Abin da ya taimaka shi ne sassabin zamani, wanda aka soma a ƙasar Maraɗi a 1983. Manomi ya zaɓi tsiro biyu ko uku masu ƙarfi a kowane cinkoson kaba, ya yi musu alama, ya hana a taɓa su. Sauran a yanka a yi igiya da tabarma. Waɗanda aka bari su ne za su miƙe su zama goriba, su ba da ƴaƴa.