Kalandar Makiyayi: Tsando, Kaska da Tafiyar Shanu a Arewa

Duk wanda ya ɗauka cewa neman ciyawa kaɗai ke tayar da makiyayi daga rugarsa, to bai karanta rabin tarihin kiwo a ƙasar nan ba. A nawa nazarin, ƙwari biyu ne suka shata wa Fulani burtali: tsando da kaska.

Idan damina ta sauka, daji ya yi duhu, tsando yakan bar kurmin bakin rafi ya bazu, yana ɗauke da ƙwayar sammore, cutar da ke shanye jinin saniya har ta rame ta faɗi. A daidai lokacin ne kaska ke yawaita, tana sa wa dabba zazzaɓi da fitsarin jini. Saboda haka garke yakan nausa arewa. Da rani kuwa, zafi da bushewa sukan mayar da tsando cikin inuwar rafuffuka, sai makiyayi ya gangara kwarin Binuwai da Neja, yana kauce wa duhuwa, yana turara wa shanu hayaƙi da almuru.

Kimiyya ta zo ne a makare. Sai a 1893 Theobald Smith da Kilborne suka tabbatar a Amurka cewa kaska ce ke yaɗa zazzaɓin shanun Texas. A 1895 kuma David Bruce ya danganta sammore da tsando a ƙasar Zulu. Turawan mulkin mallaka, waɗanda jangali ya cika wa baitulmali, sun kafa ɗakin binciken dabbobi a Vom a 1924, sannan cibiyar binciken sammore ta Afirka ta Yamma a Kaduna a 1947. Abin da madubin likita ya nuna musu, makiyayi ya daɗe da saninsa: cuta tana da lokacinta, kamar shuka da girbi.

Yau sare daji ya kori tsando daga wurare da dama, shanu sun zauna inda kakanninsu ba sa kwana. Amma gonaki sun cinye burtali, kaska tana nan, magani kuma ya fara gazawa saboda yawan allura ba bisa ƙa'ida ba. Ina ganin duk mai son zaunar da makiyayi wuri guda, wajibi ne ya fara amsa tambayar da tafiya ta amsa shekaru aru-aru: ina saniya za ta ɓuya idan damina ta kawo ƙwarinta?