Mandala: Daga Yashin Tibet Zuwa Kantin Littattafai

A Indiya aka fara zana mandala, wurin mabiya addinin Hindu da na Buda. Da'ira ce, cikinta murabba'i mai ƙofa huɗu, fadar abin bautarsu ke nan, shi kuma yana tsakiya. Malami ke bi da almajirinsa ta cikinta a zuci, ƙofa bayan ƙofa, kuma wanda ba a ba izini ba ko leƙe ba ya yi.

Da addinin Buda ya bazu, mandala ta bi shi. A ƙarshen ƙarni na 8 aka gina gidan ibada na Samye a Tibet bisa tsarinta, sannan a 806 wani sufi mai suna Kukai ya koma Japan daga Sin da manyan mandala guda biyu.

Mutanen Tibet ne suka kai abin maƙura. Sufayensu kan fara da buga layi da zare mai alli, su duƙa kwana da kwanaki suna zuba yashi mai launi ta wani siririn mazurari na ƙarfe. Goga shi ake yi da wani ƙarfen, yashin yana tsiyaya kaɗan-kaɗan, daga tsakiya zuwa gefe. Ba wanda ke ƙara nasa. Littafi ya riga ya faɗi inda kowane launi zai zauna. Ranar da aka gama, sai a share shi tas, a kai yashin kogi, don a tuna babu abin da ke dawwama.

A Turai kuwa, Carl Jung, likitan ƙwaƙwalwa ɗan Switzerland, ya juya al'amarin. A 1918 zuwa 1919 kullum da safe yakan zana 'yar da'ira a littafinsa don ya ga halin da ransa ke ciki, daga baya ya riƙa nazarin waɗanda majinyatansa ke zanawa. A ganina nan ne babbar kwanar: zanen ya tashi daga fadar abin bauta ya koma madubin mai zane.

Gudun hijirar Dalai Lama, jagoran addinin Tibet, zuwa Indiya a 1959 ya buɗe ƙofar sirrin. A 1988 sufaye suka zuba wata mandala mai suna Kalachakra a bainar jama'a a wani gidan tarihi na New York. Zuwa 2015, da littattafan shafa launi na manya suka yi kasuwa, ga mandala nan a kantuna, an riga an buga layukan, mai saye fensir kawai zai nema.